Ƙuri'ar Masu Ƙwan Gishiri

Yogyakarta, watan Yuli

Zuwa ga yayana Kang Tarjuki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Yu Wasri da yara. Ni lafiya lau nake, in ban da abincin garin nan da komai sai an zuba masa sukari, har da kaza.

Ka ce in daina kiranka a waya ina zuba kamar rediyo, in rubuto a takarda yadda za ka karanta a nutse bayan la'asar. To ga shi.

Bitar da jami'armu ta Tegal ta turo ni ta mako biyu ce. Mu kusan talatin ne, duk ƙananan malamai irina da ba a tabbatar musu da aiki ba tukuna. Ana koya mana yadda za a gane ko taimakon da ake ba masu ƙananan sana'o'i yana da amfani da gaske. Ka san yadda ake yi a wajenmu. A tara mutane a ofishin mai gari, a yi jawabi, a raba shinkafa a kwali, a ɗauki hoto, sai a rubuta cewa an yi nasara. A nan an ce wannan ba sani ba ne. Sai an samu rukuni biyu masu kama da juna, a ba ɗaya horo, ɗaya ya jira, bayan watanni a duba bambancinsu. Kuma ba mai binciken ne zai zaɓa ba, ƙuri'a ce za ta raba su. Idan mutum ya zaɓa da hannunsa, masu himma zai ɗauka ko bai yi niyya ba, daga baya ya ce horonsa ne ya gyara su.

Wadda aka ba ni ta duba aikina sunanta Bu Kustiyah, farfesa ce da ta kusa ritaya. Ba ta faɗa, ba ta yabo. Tsarina na farko ta karanta ta miƙo mini, ta ce, "Wannan buri ne, ba tambaya ba." Sai da na sake shi sau da yawa kafin ta ce in ci gaba.

Abin da na tsaya a kai shi ne ƙwanmu na Brebes, ƙwan agwagin nan da ake adanawa da gishiri. Tunda aka buɗe sabuwar hanya motocin Jakarta suka daina bi ta gaban shaguna, kowa kuka yake. Ina so a koya wa masu ƙwan gishiri yadda za su nemo mai saye daga nesa ta waya, da yadda za su shirya ƙwan a kwali ya yi doguwar tafiya bai fashe ba. Rabi za su fara, rabi su jira. Idan aikin ya yi kyau, akwai alamar jami'a za ta tabbatar da ni.

Ka gaida Yu Wasri. Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Maslikha

*

Brebes, watan Agusta

Nok Likha,

Wa alaikis salam. Nok, wato 'yar ƙarama, zan ci gaba da ce miki ko kin zama farfesa, don ni na goya ki lokacin da mahaifiyarmu Mak take tsaye a shago. Muna lafiya. Yara suna tambaya me za ki kawo musu.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Wasri ta karanta sau ɗaya ta ce ba ta gane komai ba. Na ce mata ai abin a fili yake, an tura ƙanwata Yogya ta koyo adashi. A rubuta sunaye, a kaɗa, wanda ya faɗo ya ɗauka. Da kin zauna gida maƙwabciyarmu Yu Carsinah ta koya miki kyauta.

Shago yana nan kamar yadda kika bar shi. Kin tuna lokacin Mak, idan Sallah ta matso sai an ɗauko masu taya mu miƙa kaya, motoci su yi layi har gaban masallaci. Yanzu daga safe zuwa azahar masu keke nake kallo, su ma ba ƙwai suke nema ba. Abin da yake riƙe da ni shi ne gidajen abincin Haji Sakhuri a Jakarta. Tun Mak tana da rai yake saye a wajenmu. Duk mako nakan cika kwando in ba direban bas ya kai masa. Wani lokaci wasu su fashe a hanya, Haji ya yi ƙorafi, in ba shi haƙuri, a wuce wurin.

Ƙwan dai bai canja ba. Har yanzu da toka da garin bulo nake rufe shi, gishiri na auna da hannu. Duk wanda ya ɓare ya ga ƙwanduwar tana fitar da mai ya san na gidan wa ne. Matsalar ba a ƙwan take ba, a hanya take.

Na ji mai gari ya yi sanarwa bayan Juma'a cewa za a fara rubuta sunayen masu son horon naki. Ni na fara zuwa. Sakatarensa ya yi dariya ya ce me ya kai ni layi alhali mai abin ƙanwata ce. Na ce masa layin na ado ne.

Ki kula da kanki, ki rage shan sukarinsu.

Yayanki,
Tarjuki

*

Brebes, watan Satumba

Zuwa ga Bu Kustiyah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Bu tana cikin ƙoshin lafiya.

An amince da tsarin, an kuma saki tallafin. Shagunan da suka rubuta suna sun kusa ɗari biyu, yawanci a bakin tsohuwar hanya. Masu taya ni sun gama zagayen farko na tambayoyi. Za a yi ƙuri'a a wata mai zuwa.

Akwai abin da ban faɗa ba lokacin bita, domin ban ɗauka zai taso ba. Yayana yana sayar da ƙwan gishiri a shagon da mahaifiyarmu ta bari, kuma ya rubuta sunansa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwarta, da wannan shagon ya ɗauki nauyin karatuna. Yana ganin kamar wurinsa a ajiye yake. Mutanen gari ma haka suke gani.

Ina neman shawarar Bu kafin in yi magana da shi.

Na gode ƙwarai.

Ɗalibarki,
Maslikha

*

Yogyakarta, watan Satumba

Maslikha,

Wa alaikis salam. Lafiya lau.

Hanya biyu ce. Ta farko, ki cire shi daga binciken tun kafin ƙuri'a, ki rubuta dalili a rahoto. Daga nan ba ya cikin lissafinki. Abin da ke tsakaninki da shi na gida ne, ki taimake shi yadda kika ga dama, sai dai a hankali, kada abin ya bazu zuwa maƙwabta. Ta biyu, ki bar shi a ciki, wani ya ja ƙuri'ar a gaban jama'a, ke ko tulun ƙuri'ar kada ki taɓa. Idan ya faɗa cikin masu jira, zai jira kamar kowa, kuma ba za ki koya masa komai ba har a gama.

Ni ta farko zan ɗauka. Ta biyu tana da sauƙi ranar ƙuri'a, wahalarta daga baya take zuwa. Na ga mutane da yawa sun ce za su iya.

Babu ta uku. Idan kika saka shi da hannunki, ba shi kaɗai kika taɓa ba. Duk wanda ya karanta sakamakonki zai tambayi wa kuma kika saka.

Ki turo mini takardar tambayoyin in duba. Ta ƙarshen da na gani ta yi tsawo. Mai shago ba zai bar ciniki ya zauna miki awa guda ba.

Wassalam,
Kustiyah

*

Brebes, watan Oktoba

Zuwa ga Bu Kustiyah,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da gyaran takardar. Na rage ta.

Na kai wa yayana hanya ta farko kamar yadda Bu ta ba da shawara. Bai karɓa ba. Ya ce shi ya fara rubuta suna a gaban mutane, idan aka goge shi yanzu za a ce an kama shi da wani abu. Ya ce kuma ba zai karɓi taimako ta ƙofar baya ba kamar mai sayen kayan sata. Na yi masa bayanin abin da zai biyo baya idan sunansa bai fito ba. Ya ce ya ji, ya yarda. Ban matsa ba. Ina ganin har a lokacin bai ɗauka da gaske zan bar abin ga sa'a ba.

An yi ƙuri'ar ranar Asabar a ofishin mai gari. Mun bi yadda mata suke yi a adashi, tunda kowa ya san shi. An rubuta sunaye, an naɗe, an zuba a tulun gilashi mai huda a murfi. Limamin babban masallaci ne ya kaɗa, sakataren mai gari ya karanta. Ni ina zaune a gefe. Zauren ya cika, wasu sun tsaya a taga.

Da farko ana raha. Duk wanda aka kira sai a yi masa tafi, a ce sai ya sayi shayi. Da aka kira Yu Carsinah, maƙwabciyar yayana, wadda take riƙe da shagonta ita kaɗai tun rasuwar mijinta, sai ta miƙe ta ce yau ce rana ta farko da gwamnati ta san sunanta. Aka gaya mata ba gwamnati ba ce, ta ce duk ɗaya ne. Da aka kusa cika adadi, sai na lura mutane sun daina kallon tulun, yayana suke kallo. Aka karanta suna na ƙarshe, ba nasa ba ne.

Wani dattijo a baya ya ce, "Ashe da gaske ne ƙuri'ar." Yayana ya tashi ya gyara hularsa, ya ce wa limamin, "Pak Kiai, hannunka bai san dangi ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya fita.

Dole in faɗi cewa wannan ya taimaki aikin. Na yi tsoron waɗanda ba su samu ba za su ƙi amsa tambayoyinmu nan gaba. Babu wanda ya janye. Da yawa sun ce tunda har yayan malama yana jira, su ma za su jira.

Za a fara horon a mako mai zuwa. Waɗanda suka samu sun yi alkawarin ba za su koya wa masu jira ba har bayan ƙaramar Sallah, lokacin da za mu yi zagaye na ƙarshe.

Da girmamawa,
Maslikha

*

Brebes, watan Fabrairu

Nok,

Salam. Muna nan. Damina ta yi yawa bana, rufin ɗakin baya yana yoyo.

Kin daɗe ba ki zo ba. Na san kina shigowa garin, don ana ganinki a ofishin mai gari. Na gane idan kika zauna cin abinci da mu, maganar za ta taso.

To bari ta taso a takarda. Haji Sakhuri ya daina saye a wajena. Bai yi mini wulaƙanci ba, ya kira da kansa. Ya ce akwai masu aiko masa da hoton ƙwai a waya, ya zaɓa, washegari kwali ya iso ƙofarsa ko ɗaya bai tsage ba. Na tambaye shi su wa, ya yi ta kwana-kwana. Ba sai ya faɗa ba. Kullum da yamma mai babur yana tsayawa gaban shagon Yu Carsinah yana ɗaure kwalaye. Ga kuma masu agwagi sun ƙara wa ɗanyen ƙwai kuɗi, sun ce mutanenki suna kwashewa tun da asuba.

Na je wajen Yu Carsinah. Ta zaunar da ni, ta dafa shayi a tukunyar ƙasa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da na kawo maganar sai ta ce, "Juki, ƙanwarka ta sa mun yi alkawari. Ka tambaye ta, in ta ce to, yau zan nuna maka." Na sha shayina na taso.

Na gwada da kaina. Na sayi kwali, na cusa tsofaffin jaridu, na aika wa wani mutumin Bekasi da ɗan'uwan Wasri ya samo mini. Ya turo hoton abin da ya isa. Ba sai na faɗa miki ba.

Na tuna na ce na yarda. Ban manta ba, ba sai kin tuna mini ba. Amma lokacin Haji yana nan. Abin da nake nema ba shi da yawa: inda ake samo kwalin mai gida-gida, da yadda ake magana da masu kai kaya, da abin da ake rubuta wa mai saye. Zama ɗaya ya isa. Babu wanda zai sani. Wasri ta ce kada in rubuto, wai wanda ya kalli tulu yana juyawa bai ce uffan ba, takarda ba za ta motsa shi ba. Na ce mata ba ta san ki ba.

Ina jiran amsa.

Yayanki,
Tarjuki

*

Tegal, watan Fabrairu

Kang,

Wa alaikas salam. Na samu wasiƙarka, na karanta, na ajiye, na sake karantawa.

Ba zan iya ba yanzu. Ka ce babu wanda zai sani, amma a titinmu ranar da mai babur ya tsaya gabanka kowa ya sani. Akwai kusan mutum ɗari da suke jira kamar kai, wasu nasu ya fi naka tsanani, kuma abin da ya sa suka haƙura shi ne sun ga kana cikinsu. Idan na buɗe maka, dole in buɗe wa kowa. Idan na buɗe wa kowa yanzu, aikin ya mutu, ba za a taɓa sanin ko horon yana da amfani ba, kuma ofishin lardi yana jiran sakamakon kafin ya yanke shawarar kai shi sauran garuruwa. Ba zan ɓoye maka ba, aikina ma yana ciki.

Bayan Sallah za a fara naku. Kai ne na farko da zan zauna da shi, a shago, har sai ka iya. Ka daure zuwa lokacin.

Ka ba Yu Wasri haƙuri. Zan turo mai gyaran rufi.

Ƙanwarka,
Maslikha

*

Brebes, watan Yuni

Zuwa ga Bu Kustiyah,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ina neman afuwar duk kuskuren da na yi wa Bu, na fili da na ɓoye.

An gama zagaye na ƙarshe. Na haɗo lissafin da wannan wasiƙa, amma zan taƙaita.

Waɗanda suka samu horo cinikinsu ya ƙaru sosai. Da na fara kwatanta su da masu jira, bambancin ya yi girman da na zaci kuskure ne. Sai na koma kan zagayen farko. Masu jira ba tsayawa suka yi a inda suke ba, ƙasa suka yi, kusan daidai da yadda waɗancan suka hau. Idan aka haɗa rukunin biyu, ƙwan da garin yake sayarwa bai ƙaru da abin kirki ba. Na sa masu taya ni suka koma suka tambayi masu horon sunayen sababbin masu sayensu. Yawancinsu gidajen abincin mutanenmu ne a Jakarta, waɗanda dama daga Brebes suke saye, a wajen wani. Mun koya musu neman mai saye, su kuma suka nemi wanda suke da lambarsa. Shagunan da suka rufe a cikin masu jira sun ninka na ɗaya rukunin.

Na yayana yana ciki. Ya rufe kafin azumi. Bai gaya mini ba, tun watan Fabrairu bai sake rubuto mini ba. A takardar mai taya ni na gani.

Na je gida da Sallah. Ƙofar shagon a sauke take, an sayar da randunan da ake jiƙa ƙwai. Ya karɓe ni yadda ya kamata. Na durƙusa na nemi gafararsa kamar kowace shekara, ya ce ya yafe, shi ma in yafe masa, da muryar mai karanta sanarwa. Mun je kabarin mahaifiyarmu tare, ya cire ciyawa, ya yi addu'a. A hanyar dawowa na fara yi masa maganar horon, sai ya tambaye ni ko motar Tegal har yanzu tana tsayawa a kasuwa. Matarsa ta zuba mini abinci ta koma kicin.

Shugaban sashenmu ya ga lissafin farko, ya yi murna, yana so a kai wa ofishin lardi cewa horon ya yi nasara. Ban nuna masa sauran ba tukuna. Ban san yadda zan rubuta rahoton ba.

Da girmamawa,
Maslikha

*

Yogyakarta, watan Yuni

Maslikha,

Wa alaikis salam. Barka da Sallah, ni ma a yafe ni.

Na duba lissafin, daidai yake. Ki rubuta rahoton kamar yadda kika rubuto mini, da sauran da ba ki nuna ba. Shugaban sashenku ba zai ji daɗi ba. Idan ya matsa, ki ce masa ya kira ni.

Wannan ne sakamakon, kuma ya fi wanda kika je nema muhimmanci. Da ba a yi ƙuri'a ba, da ba a bi masu jira ba, da lardi ya kai horon gari-gari yana ƙirga waɗanda suka hau, ba wanda zai ƙirga waɗanda suka sauka. Ki gaya musu kada su faɗaɗa shi yadda yake. Horon masu jira ma ki sake shi. Ba amfanin tura su su ƙwato Jakarta daga maƙwabtansu. A nemi inda ba a cin ƙwan Brebes tukuna.

An tattauna tsarinki a gaban kowa lokacin bita. An yi gardama kan yawan shaguna da tsawon tambayoyi. Ba wanda ya tambayi daga ina sababbin masu sayen za su fito, har da ni. Bana za a tambaya.

Game da yayanki. Da kin koya masa a Fabrairu, wataƙila shagonsa ya tsira, wani ya rufe a madadinsa, wanda ba ki san fuskarsa ba. Ban faɗa don in sanyaya miki rai ba, haka lissafinki ya nuna.

Sababbin ɗalibai za su zo a watan Agusta. Ina so ki ɗauki yini guda ki ba su labarin aikin daga farko, har da abin da ya faru a titinku. Jadawali ba ya shiga kansu kamar yadda shago ɗaya zai shiga. Amma labarin ba naki ba ne ke kaɗai. Sai ya ba ki izini. Idan ya ƙi, ki zo da jadawalin kawai.

Wassalam,
Kustiyah

*

Tegal, watan Yuli

Zuwa ga yayana Kang Tarjuki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yu Wasri da yara.

Ba ka bari mun yi magana ranar Sallah ba, shi ya sa na rubuto. Akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina.

Na gama lissafi. Na ɗauka abin da na yi maka shi ne na hana ka wani abu na ɗan lokaci. Ya wuce haka. Horon bai kawo sababbin masu saye garin ba, ya ɗauke su ne daga hannun masu jira ya ba waɗanda ƙuri'a ta fito wa. Haji Sakhuri ba shi kaɗai ba ne. Kenan ba rashin iyawarka ba ne, ba kuma ƙwanka ba. Aikina ne ya taɓa shagon Mak. Ban hango ba, amma ni na tsara shi.

Na rubuta haka a rahoto, na kai lardi. Sun dakatar da faɗaɗawa. Shugabana ya daina gaishe ni na ɗan lokaci, amma takardar tabbatar da ni ta fito a makon jiya. Na ga ya kamata ka san wannan ma.

Za a fara horon masu jira a ƙarshen wata, an canja shi, yanzu kasuwannin tsibiran Sumatra da Kalimantan za a nema. Wurinka yana nan ko da shagon a rufe yake.

Abu na ƙarshe. Bu Kustiyah ta nemi in je Yogya in ba sababbin malamai labarin aikin, don kada su maimaita. Tana so in ba da labarin shagonmu. Zan canja sunanka da na titin, ba wanda zai gane. Idan ba ka so, ka ce a'a kawai, ba zan sake tambaya ba.

Ƙanwarka,
Maslikha

*

Brebes, watan Agusta

Maslikha,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Na taya ki murnar aiki.

Yu Carsinah ta kama rumfa a wurin hutawar matafiya na sabuwar hanya, ni nake tsare mata. Ƙwan nata ne, gishirin ya ɗan yi yawa, amma ana saye. Ki ba wani wurina a horon.

Ki ba su labarin. Kada ki canja komai. Ki ce Tarjuki ne, ɗan Mak Rasmini, a tsohuwar hanya kusa da masallaci. Ki gaya musu an ba ni ƙofar fita tun farko ni na ƙi. Ki gaya musu na roƙe ki kin hana. Duka biyun za ki faɗa, ba ɗaya ba.

Idan sun tambaye ki ko ni da ke mun shirya, ki ce ba ki sani ba tukuna.

Allah ya kai ki lafiya.

Tarjuki